An Kawo Mini Rajista Har Gida, Na Ƙi Sa Hannu

"Tahi ki yi jinya, Malama Rabi. Ajinki na nan. Ran da likita ya sallame ki, ni da kaina ka buɗe miki ƙohwa."

Maganar Hedimastanmu ke nan, a ofishinsa, a gaban malamai uku. Na ajiye ta a nan don kada gobe ya ce bai tuna ba.

Wata takwas ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambaya ko lafiya, ba lafiya ba. Tarin fuka na yi. Na kira sunansa ƙarara, don na gaji da jin ana raɗa "ciwon nan nata".

Shekara goma sha tara ina koyarwa a firamaren wani ƙauye ta hanyar Kalmalo. Kowane malami ya san tarin da ƙurar alli ke sa mutum, shi ya sa ban kula ba da ya fara. Na sha zuma da citta, na sha na kemis. Malam Sani, malamin aji huɗu da ke kabu-kabu idan an tashi makaranta, har wani maganin ruwa ya sayo mini a Konni, can tsallaken boda a Nijar. Wata biyu ina tari, zufa na jiƙa matashi, zanena ya yi mini yawa.

Wata Laraba ina tsaye gaban allo na yi tari cikin hankici, na ga jini. Na ninke shi na ƙarasa darasin.

A asibiti aka ba ni 'yar roba in tofa majina, aka tura ni Sakkwato hoton ƙirji. Kuɗin mota da hoto da gwajin jini sun ci kusan rabin albashina. Maganin kansa kyauta ne.

Likita ya ce, "Hajiya, yana warkewa sarai. Abin da ke kashe mutane shi ne su ji sauƙi su ajiye magani. Wata shida, ko kwana ɗaya kada ki tsallake."

Na ji tsoron mutuwa, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi hana ni sukuni shi ne yaran da na yi wata biyu ina tari a kansu. Da ƙafata na je na gaya wa Hedimasta sunan ciwon, na ce duk yaron da ke tari a kai shi gwaji. Ran nan ne ya yi mini wancan alkawari.

Ƙwayoyi huɗu manya kowace safiya kafin karin kumallo. Fitsari ya koma ja kamar zoɓo, ga tashin zuciya, ga ciwon gaɓoɓi. Ranar da na ture maganin na ce na gaji, maigidana ya miƙo ruwa ya ce, "Haɗiye, Rabi. In kin mutu, wa ka yi mini hwaɗa?"

Duk ranar karɓar magani Malam Sani ke kai ni, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Sai dai ya ce, "Riƙe ƙarhe da kyau, Malama, kada iska ta kai mana ke Nijar."

An sake gwada majinata sau uku. Babu ƙwayar cuta. Likita ya rubuta takarda, ya buga hatimi.

Na shirya na tafi makaranta. Na tarar da kwaɗo a ƙofar aji shida, an cusa yarana cikin 'yan aji biyar, ga jarrabawar fita ta matso. Hedimasta ya tsaya can nesa, ya kare hanci da hannun riga.

"Iyaye na tsoro, Malama. Zauna gida, ba mai taɓa albashinki. Duk Juma'a Malam Sani za ya kai miki rajista ki sa hannun sati."

"Mi kac ce, Malam?"

"Gata nika yi miki. Wasu roƙona sukai."

Nan kam gaskiya ya faɗa. Mun san yadda ake yi: a sa hannu a rajista, a wuce canjin sefa a bakin boda ko gonar albasa. Albashin ba ya isa, ban zo yi wa kowa wa'azi ba. Amma ni ban haɗiyi maganin wata shida don in zama suna a cikin littafi ba.

Kafin in koma gida na shiga ƙauyen, na gai da uwayen yarana gida gida. Ko ɗaya ba ta guje ni ba. Har fura aka dama mini. Tambayarsu ɗaya ce, yaushe zan dawo, don an gaya musu wai ba zan tashi ba. Ashe iyayen da ke tsoro, mutum ɗaya ne, kuma yana zaune a ofis.

Jiya Juma'a Malam Sani ya kawo rajistar, kansa a sunkuye. Na ba shi ruwa ya sha, na mayar masa da ita yadda ta zo.

Alhamdulillahi da Ya tashi kafaɗata. Na gode wa maigidana, da Malam Sani, da ma'aikatan jinyar da ba su taɓa yatsina mini fuska ba.

Ku kuma, musamman 'yan'uwana malamai: tarin da ya wuce sati biyu, kada ku ɗora wa alli. Ku je a gwada majina. A duba mutanen gida. Ku bar taga a buɗe. In an ba ku magani ku shanye shi har ƙarshe. Wanda ya warke kuma ya warke, ku daina ware masa kofi.

Malam Hedimasta, ranka ya daɗe, na san ana karanta maka abin da na rubuta. Litinin ƙarfe bakwai da rabi ina ƙofar aji shida. In na sami kwaɗo, zan kira yarana mu zauna gindin darbejiya, da allona da allina. Talata kuma zan kai takardar likita ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, in roƙi a zo a buɗe rajistar nan, a kira sunayen da ke ciki ɗaya ɗaya, a ga wa zai amsa.