Gyaran da na nema a gaz ɗin motata

Motata ta girmi biyu daga cikin 'ya'yana, kuma ta fi su duka jin magana. Tsohuwar familiyal ce fara, irin doguwar nan mai faɗin baya. Da ita na ci kasuwannin dabbobi, daga Dakoro zuwa Korahane da Mai Yara, awaki a baya, ni a gaba, sanyin kilim, injin sanyaya mota, yana kaɗa mu ba bambanci.

Sai kilim ya mutu. Gaz ɗinsa ya tsiyaye, irinsa kuma an daina yi, wai yana huda sama. Na ɗaga kai na duba ban ga ɓula ba, amma ni aji biyu na yi a lakwal, ba da ni za a yi gardamar sama ba.

Da na haƙura da iskar taga, ba don Hajiya ba. Matata ce, hawan jini ya kama ta, duk wata sai an kai ta likita Maradi. Bazara na shigowa babban ɗana ya tsaya mini a zaure.

"Baba, Inna ba ta ƙara shiga tanderun nan. Ni zan riƙa kai ta. Mota kuma masu sayen ƙarafa na zuwa ranar kasuwa."

"Tun ba ka iya ɗaura wando ba nike tuƙa uwarka," na ce. "Ba mai kai ta sai ni."

"To ta yi sanyi kafin ranar likita. In ba ta yi ba, a auna ta."

A auna ta, wai, kamar buhun gujiya.

Na kai ta wurin wani mai aikin firigo, wato firiji, a bayan tasha. Ya ce za ta sha sabon gaz, amma sai an sake mata ciki, don tsohon mai ba ya shiri da shi. Ya wanke tiyo ɗaya bayan ɗaya, ya cire baƙaƙen zobban roba ya sa koraye, ya sake kwalbar da ke tsotse laima, ya zuba sabon mai, ya zuƙe iskar ciki da injin tsohon firigo. Duk ina tsaye a kansa. Sai da ya ɗora tukunyar gaz a sikeli, ya ɗura, ya rufe.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan, Baba Alhaji. Wanga gaz ba a cika shi kamar na da. Ragewa ake."

Ni ɗan kasuwa ne. Ban taɓa sayen tiyar hatsi ba a ɗora mini hannu guda a kai ba. Ko mai gishiri tana ba da gyara. Yanzu yaro ya auna mini ƙasa da awo, ya kuma hana ni gyara?

"Ina gyarana?"

"Baba, ba gero ba ne!"

"Ko mi ne, saye na yi."

Masu shan shayi a ƙofar shagon suka kama mini. "Kai, ba tsoho gyaranshi! Ko tsoron Allah babu?" Ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Ku ne shaidu." Ya buɗe. Na ce ƙara. Ya ƙara.

Na ɗauki Hajiya gwaji hanyar Korahane, gilashi a rufe, ƙirji a buɗe. Ba mu bar gari da nisa ba wani abu ya fara ƙas-ƙas a gaba, yana kamawa yana saki. Sanyi ya gudu. Iska mai ɗumi ta taso kamar numfashin raƙumi.

"Alhaji, wannan ne sanyin?"

"Yana tahe."

"Ta Agadas ya biyo? Buɗe mini taga kada ka dafa ni da raina."

Na buɗe tata. Tawa kuwa ban buɗe ba har muka komo, gumi na ɗiga daga gemuna.

Mai firigo na hango ni ya fara dariya. "Baba Alhaji, gyarana ka maido?" Ya haɗa tiyo, ya janye abin da na ƙwata da bakina ya mayar cikin wata tukunya. Ya ce in an cika fiye da kima injin sanyin shaƙewa yake, kamar rago da ya afka rumbu. Wannan na gane. Na sa hannu a ramin iska, yatsuna suka ƙage.

Har gobe ina nan a kan bakana: wanda ya saya a yi masa gyara. Kafin in tashi sai da na sa ya wanke mini gilashin gaba, na kuma sha shayinsa har kofi na ƙarshe.

Ranar likita ɗana ya iso da motarsa mai ƙyalli, ya tarar da uwarsa a gaban tawa ta lulluɓa da mayafi biyu, tana cewa in rage kada mura ta kama ta. Ya zagayo wajena, ya buɗe baki zai yi magana. Na sauke gilashi kaɗan, daidai yadda sanyi zai mare shi a fuska, na ce ya gaida masu sikelin ƙarafa. Na ɗaga abina, muka kama hanyar Maradi.