Shekarar da Aka Daina Shan Kunun Mama

Har yau, in na bi ta layin masu kayan yaji a Babbar Kasuwa, ƙamshin busasshiyar citta ya daki hancina, sai in ji ƙafata ta rage sauri da kanta. Ba wadda ake niƙawa a ƙulla a leda nake nufi ba. Ta buhu nake nufi, mai zuwa da jar ƙasar garinmu a jikinta. Irinta kakata take aiko wa mahaifiyata daga kudancin Kaduna duk bayan girbi, kuma da ita Mama take yin kunun zaƙin da ya ciyar da mu, ya saya mana takalman makaranta.

A wani gidan haya na ƙasa muka tashi, kusa da Ƙofar 'Yandaka. Mahaifina kafinta ne a ma'aikatar gwamnati, aiki ya kawo shi Katsina tun kafin a haife ni. Mu kaɗai ne Kirista a gidan, amma ban taɓa jin abin ya tsaya wa kowa a rai ba. Rijiya ɗaya muke ja, igiyar shanya ɗaya. Ranar Lahadi in mun fito za mu coci, matan gidan su ce mu sa su a addu'a, ranar Sallah kuma kwanoninmu su cika da tuwo da nama har Mama ta rasa inda za ta juye.

Ɗakin da ke kallon namu na wata dattijuwa ne da duk yaran gidan muke kira Gwaggo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta guda kuma tana aure can cikin Nijar. Koko da ƙosai take sayarwa a ƙofar gida da safe. Siririya ce, mai faɗa, amma ita ta fara yi mini kitso, kuma in ƙosai ya fashe a mai, ni take miƙa wa. Ka riƙe wannan a ranka, mai karatu, don kada ka ɗauka muguwa ce tun asali.

Ina 'yar shekara tara kunun Mama ya yi suna. Da gero take yi, da dankali, da citta mai yawa, ta ɗura a kwalabe ta jera cikin randa su yi sanyi. Da rana ta ɗauka a kai zuwa kasuwa, teloli da masu sayar da atamfa su saye kafin la'asar. Sannu a hankali har masu shan kokon safe suka fara leƙowa cikin gida suna tambayar ko akwai na jiya da ya rage. Ni dai murna nake. Ban lura Gwaggo tana komawa ɗaki da rabin tukunyarta ba.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo, lokacin da bangon ɗaki yake ƙona bayan mutum in ya jingina. Mama ta ƙara gero, don ta san masu buɗa-baki za su nema. Ranar farko da yamma na raka ta kasuwa. Muka bi layin teloli daga farko har ƙarshe, kowa ya amsa gaisuwa, ba wanda ya miƙo hannu. Wani tsohon tela da ya fi kowa sayen kunun ya kira ta gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Madam, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa maki. An ce giya kike zubawa a ciki, shi ya sa yake da daɗi. Ni ban yarda ba. Amma wadda kuke gida ɗaya ce ta faɗa, mai koko, ta ce da idonta ta gani."

Mama ta ce, "Na gode, Malam." Muka dawo da kwalabenmu yadda muka tafi da su. Ita da ko a bikin ƙauye ba ta zama kusa da masu burkutu. Kwana huɗu tana fita tana dawowa da kaya a kai. A na biyar ta tsaya a bakin rariya ta tsiyaye kwalaben ɗaya bayan ɗaya, warin tsami ya cika tsakar gida, matan gidan kowa ta shige ɗakinta.

Baba ya so ya kai ƙara wurin mai unguwa. Mama ta hana, kuma ba don ta yafe ba. Cewa ta yi ba za ta tsaya gaban maza tana rantsuwa a kan abin da ba ta yi ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta ɗauke wa Gwaggo gaisuwa. Wanda ya san Katsina ya san nauyin wannan. Gari ne da ake gaisawa a tambayi kwana da gajiya da iyali da zafi, a sake komawa farko. Sai ga mata biyu suna haɗuwa a bakin rijiya kullum, ba mai ce wa wata ina kwana. Ni ma na daina zuwa kitso.

Akwai abin da na lura da shi wanda ban faɗa wa kowa ba sai da na girma. Kowace safiya mukan durƙusa mu yi addu'ar da Ubangiji ya koya wa almajiransa kafin Baba ya fita. In an zo wurin da ake roƙon gafara gwargwadon yadda mutum yake gafarta wa wasu, sai muryar Mama ta ɗauke. Mu wuce wurin ni da Baba da ƙanina, sannan ta dawo ta kama mu a gaba. Ranar Jibin Ubangiji kuma, lokacin da ake fita gaba a coci a karɓi gurasa mai tsarki, takan zauna a benci, kanta a ƙasa, matan zumuntar coci su tashi su bar ta. Ba ta iya ƙarya ba, ko a gaban Allah. Wata uku aka yi haka. A cikinsu muka koma cin tuwo da miyar kuka ba nama, ƙanina ya tafi makaranta da takalmin da Baba ya ɗaure da waya.

Sai damina ta sauka sosai. Wata safiya bayan ruwa, maza duk sun fita, Mama tana tuƙa tuwon rana, muka ji faɗuwar guga da wani irin nishi. Gwaggo ce santsin bakin rijiya ya kwashe. Tana kwance cikin taɓo, ƙafarta ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

Ina kallon Mama. Ba zan ce maka ta ruga da gudu ba, don ba ta ruga ba. Ta tsaya da muciya a hannu, tuwo yana ɓalɓala a wuta, ta daɗe har na ɗauka ba za ta motsa ba. Sannan ta miƙo mini muciyar ta ce, "Riƙe, kada ya kama." Ta je ta durƙusa cikin taɓon, ta sa hannu ƙarƙashin kan Gwaggo.

"Sannu, Gwaggo. Kada ki motsa."

Wannan ce magana ta farko tsakaninsu tun azumi.

Da mai ɗori ya zo, Mama ce ta rungume ta ta baya yayin da yake jan ƙashin yana ɗaura karare. Ya ce kwana arba'in ba za ta taka ba. An aika wa 'yarta, amma tana da tsohon ciki, ba halin tafiya. Sauran matan gidan sun taimaka iya ƙarfinsu, sai dai kowa da 'ya'yanta da hidimarta. Mama kuwa ba ta da sana'a a lokacin, kuma kowa ya san dalili. Ita ta riƙa yi mata wanka, ta fitar da abin da ya kamata a fitar, ta wanke zannuwa. In an kira salla daga wajen hasumiyar Gobarau, ta kai mata buta, ta zuba mata ruwan alwala, ta juya ta ta fuskanci gabas, sannan ta fito ta ja mata labule.

Makon farko Gwaggo ba ta yarda su haɗa ido. In Mama ta shiga sai ta juya fuska bango. Wata rana na kai mata fate, na tarar tana kuka ba sauti. Mama tana gefe tana ninke kaya.

"Mi ya sa kike mani haka?" in ji Gwaggo. "Kin san kau ni ce."

"Na sani."

"Tsoro na ji. Na ga kowa ya koma wurinki, ni kau ba ni da kowa."

Mama ta ci gaba da ninkin zane. Can ta ce, "Ci abincinki kafin ya huce."

Washegari da safe, da muka zo wurin nan a addu'a, na ji muryar Mama. Ta faɗa har ƙarshe.

Ranar da aka kwance ɗorin, Gwaggo ta ce a fitar da ita ƙofar gida. Ta zauna kan dakali da sandarta daidai lokacin da mutane ke dawowa daga sallar la'asar. Tun daren da ya gabata ta sa Mama ta jiƙa gero. Ta ɗaga murya ta ce, "Ɗiyata, kawo mani kunun nan naki." Ta sha kofi guda a hankali kowa yana gani, ta miƙa a ƙara. Ga waɗanda suka tsaya gaishe ta kuma ta ce, "Abin da na faɗa a kanta ƙarya na yi. Ku gaya ma wanda bai nan."

Da zan so in ce maka ciniki ya dawo kamar da, amma bai dawo ba. Maganar farko ta riga ta yi nisa, ta biyun ba ta cim mata ba. Wasu teloli sun dawo, da yawa ba su dawo ba. Mama ta koma sayar da gyaɗa da kayan miya a ƙofar gida, gefen tukunyar Gwaggo, kuma haka suka zauna kafaɗa da kafaɗa har shekarar da Gwaggo ta rasu.

Na taɓa tambayar Mama bayan na yi aure, ko a ranar nan ta bakin rijiya ta riga ta yafe. Ta yi dariya ta ce, "Ina. Haushinta nake ji har ina yi mata wanka. Hannuna ne ya fara, zuciyar sai daga baya ta biyo. Da na jira zuciyar, da har yanzu Gwaggo tana kwance a wurin."

Yanzu Mama tana kwance a garinmu kusa da Baba. Gidan hayar an rushe gabansa an yi shaguna, rijiyar an rufe ta da siminti. Ni ina zaune a sabuwar unguwa a bayan gari, cikin katanga mai tsawo, inda za ka shekara ba ka haɗu da maƙwabcinka ba, balle ka ji faɗuwarsa. Nan in mutum ya ɓata maka, ba rijiyar da za ta tilasta muku ganin juna kowace safiya.

Shekara huɗu ke nan ba mu magana da ƙanina, a kan wata kalma da ya faɗa mini a wurin jana'izar Baba. A gari ɗaya muke. Jiya ma na ɗauki waya na nemo sunansa, na daɗe ina kallo, na ajiye. Na san da Mama tana nan ba za ta yi mini wa'azi ba. Tambayata za ta yi me na dafa yau, sannan ta ce in zuba a kwano in kai masa.