Yadda Ƙanena Ya Ci Sunan Baffa

Shekaranjiya da hantsi ina shanya a tsakar gida, sai iska ta kawo mini warin ganyen darbejiya da ake tafasawa a maƙwabta. Ba sai an gaya mini ba, na san an sauka a gidan, ruwan wankan jego ne a kan wuta. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, na kasa shanyawa, na kasa ajiyewa. Sauran mata in sun ji wannan wari mai ɗaci, shagalin suna suke tunawa. Ni kuwa tafiyar ƙasa nake tunawa cikin tsakar rana, da hannun kakata riƙe da wuyan hannuna.

A Rumde Ajiya na tashi, a nan Garwa, a gidan mahauta. Babana yana da tebur a kasuwa, inda ubansa ya tsaya kafin shi. Kakata, wadda duk gidan ke kira Iya, ɗakinta na kusa da zaure, kuma a wurinta nake kwana tun da aka yaye ni. 'Ya'ya biyu Allah ya bar mata, babana da yayansa, wanda muke kira Baffa. Shi Baffa bai zauna a fawa ba. Tun ina ƙarama ya tafi Kuseri aikin fito, yana tsallakar da kaya a kwalekwale zuwa Injamena. Da fari yakan zo da Babbar Sallah, ya kawo mana dabino. Daga baya sai gaisuwa kawai ta bakin direbobi. Daga nan gaisuwar ma ta ɗauke.

Cikin bazara aka haifi ƙanena, lokacin da mangwaro ya cika gari. In ka taɓa yin bazara a Garwa ka san irin zafin da nake nufi, wanda ko a inuwa ka zauna zufa ba ta barinka. Namiji ne na farko bayan mu mata a jere, don haka gida ya cika da murna. Washegari da safe babana ya zo ƙofar ɗakin Iya, ya cire takalmi ya durƙusa. Tana ɓarar gyaɗa, ina taya ta.

Ya ce, "Iya, ina so in sa wa yaron nan sunan Yaya."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Ya mutu ne?"

"Ai ana yi wa mai rai takwara, Iya."

"Ana yi, amma da saninsa ake yi. A aika masa, ya zo ya ɗauki takwaransa a hannu. Wanda ba a san inda yake ba, in ka ɗauke sunansa ka ba wani, ka rufe shi ke nan. Ni ban rufe ɗana ba."

Babana mutum ne da bai taɓa maimaita magana a gaban uwarsa ba. Ranar sai ya ce, "Shi nake so in sa," ya tashi ya fita.

Daga wannan safiya gidanmu bai sake zama daidai ba. Ana dama kunun kanwa, ana gasa wa maijego nama, mata na shigowa barka, wasu da Hausa wasu da Fulatanci, amma duk wadda ta shigo sai ta ji a jikinta akwai wani abu. Innata tana ɗaki da jariri, ba ta da bakin magana a tsakanin miji da uwar miji. Sau ɗaya na ji ta gaya wa wata maƙwabciya cewa ita kowane suna ma a sa, ita dai ba ta son sunan da aka yi ja-in-ja a kansa ya hau kan ɗanta. Iya kuwa ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share ɗakin da ta riga ta share, ta fita zaure ta leƙa titi, ta dawo, ta buɗe kwalla ta rufe ba ta ɗauki komai ba. Limamin unguwa ya zo ya ba da shawarar a zaɓi wani suna daban kowa ya huta. Babana ya yi masa godiya, amma bai canja ba.

Sai wata safiya, ina shirin tafiya lekol, wato makarantar boko, Iya ta ce in ajiye jaka. Ta yafa mayafinta ta ce, "Taso, ƙawata. Kafin ranar suna sai na samo wanda ya gan shi."

Ba don in nuna mata hanya ta ɗauke ni ba, ta fi ni sanin Garwa nesa ba kusa ba. Baffa ɗan farinta ne, kuma irin su Iya ba sa kama sunan ɗan fari, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa furta sunan ba. "Babban yaron" kawai take cewa. To yaya za ka yi cigiyar mutumin da ba za ka iya faɗin sunansa ba? Ni ce bakinta. Ga shi kuma na ɗan fara jin Faransanci a makaranta.

Haka muka riƙa fita kullum. Muka je tashar da motocin arewa ke sauke fasinja, muka je wurin masu manyan motocin kaya, muka je kara inda dillalan shanu ke zama, har bakin kogin Binuwai muka gangara wurin masu kwalekwale, wai ko masu sana'a ɗaya sun san juna. Ko'ina sai ta gaisa, ta matsa hannuna, ni kuma in faɗi sunan, in ƙara da kamanninsa: dogo ne, bahago, yana da wushirya, da tabon wuƙa a babban yatsa. Sunan ba baƙo ba ne, kowace unguwa akwai masu shi, don haka kowa sai ya ce ya san wani, amma in an bi sai a ga ba shi ba ne. Ƙasa ta yi zafi har tana ƙona ni ta cikin silifas. Iya ba ta yarda mu hau moto, wai wanda ke kan babur ba ya ganin fuskokin mutane. In na ce na gaji sai ta saya mini ruwan sanyi, ta tsaya a kaina har in shanye, ita ba ta sha.

Ana jibi suna muka koma tasha. Wani direba da ya gaji da ganinmu ya nuna mana wani dattijo zaune a kan buhunan banda, ya ce daga Kuseri ya sauka, kuma mutumin bakin ruwa ne. Dattijon ba ya jin Hausa, ba ya jin Fulatanci, sai Larabcin can da ɗan Faransanci. Na faɗi sunan, na fara jero kamanni. Ina kaiwa kan bahago sai ya gyara zama, ya dube ni, ya dubi Iya. Ya tambaye ni wace ce ita. Na ce uwarsa ce. Sai ya buɗe tafin hannuwansa biyu ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Wannan ba ta buƙaci tafinta ba. Na ji hannun Iya ya saki nawa.

Ya ci gaba da magana a hankali, yana neman kalmomi. Ya ce a daminar bara waccan ruwa ya cika, kwalekwalen Baffa ya kife da kaya, aka tsamo gawarsa can gangare, masu fito suka yi masa sutura. Na mayar wa Iya da Hausa, tana gyaɗa kai. Sai ya ƙara wata magana, ita kam ban mayar mata ba.

Iya ta ce, "Me ya ƙara cewa?"

Na ce, "Ya ce ai ɗan'uwansa ya je bara. Wani mahauci daga Garwa. Shi da kansa ya raka shi ya nuna masa kabarin."

Ina faɗa ina tuna tafiyar da babana ya yi bara, wadda ya ce Marwa za shi sayen shanu, ya dawo ba saniya, ba kuma tsarabar kowa.

Iya ta gode wa dattijon, ta yi masa addu'ar kasuwa. Na ɗauka gida za mu, sai ta kama hanyar kasuwa, tana sauri irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba. Muka tarar da babana yana yanka wa wata mata nama. Da ya hango mu, ya ga fuskarta, sai ya ajiye wuƙar. Iya ta jira har matar ta karɓi ƙunshinta ta tafi.

Ta ce, "Ka ga wurin da idonka?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gani, Iya."

"An yi masa sallah?"

"An yi. Sun ce jama'a sun taru."

Ta daɗe tana kallon naman da ke rataye, ƙudaje na tashi suna sauka. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi masa faɗa a gaban maƙwabtan teburinsa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Ragon da ka ɗaure a gida ƙarami ne. In wannan sunan za a sa, ka nemo babba." Ta juya, na bi ta.

Suna da zaman makoki suka haɗu a gidanmu. Mata kan shigo su tsaya a tsakar gida, ba su san da wacce za su fara ba, barka ko gaisuwar rashi. Da sassafe liman ya raɗa suna a ƙofar gida, aka shafa fatiha, maganar ta shigo ciki. Mai guɗa ta dubi ɗakin Iya ta fasa guɗar. Sai Iya ta aiko ni in ce mata ta yi, ai haihuwa aka yi. Ta yi guɗar, amma gajeriya.

Kada ka ɗauka shi ke nan komai ya wuce. Iya ta yi watanni ba ta amsa wa babana fiye da "lafiya" in ya zo gaisuwa. Sai da yaron ya fara rarrafe, yana shiga ɗakinta yana kifar mata da kwanuka, sannan ta fara sakewa. Mu duk Baffa muke kiransa har yau da yake da nasa iyalin. Ita kuwa "angona" take ce masa, har ta koma ga Allah ba ta kama sunan ba.

Yanzu ba wanda zai iya ɓoye mutuwa ko ta wuni ɗaya. Kafin a gama haƙa kabari hoton mamaci ya zaga wayoyi, wani lokaci ma a nan uwarsa za ta fara gani. Suna ma haka, tun ciki bai tsufa ba ma'aurata sun gama zaɓa tsakaninsu, tsofaffi sai dai su ji. Ban ce da ya fi yanzu ba. Na ga tsohuwa tana roƙon Allah ya dawo mata da wanda ya daɗe a ƙasa, kuma ba na yi wa kowa fatan haka. Amma na kasa cewa yanzu ya fi.

Babana yana nan da rai, ya bar kasuwa, idanunsa sun yi rauni. Kwanaki na kai masa fura, muna zaune a zaure, na yi masa tambayar da na daɗe ina riƙe da ita. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya mata ba tun da ka dawo?"

Ya juya ludayi a cikin kwano ya daɗe bai sha ba. Sannan ya ce, "Na gwada. Kullum na shiga gaishe ta da niyyar faɗa, sai ta riga ni, ta ce an ji labarin yayanka? Sai bakina ya mutu. Da aka haifi yaron nan na ce to, tunda ni na kasa, bari shi ya gaya mata."