Gudumar Malam Ya'u

Gogo Azumi ba ta son a ambaci kamfanin fatu a gabanta. In aka yi kuskure aka ambata, sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta gyara zama, ta ɗauko labarin daga tushe, ko da mutum ya ji shi sau goma. Ni na ji fiye da haka, don ban iya katse babba ba. Labarin mijinta ne, Malam Ya'u, wan kakana, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba.

Ɗan mahauta ne daga Kurfi, ya tashi cikin jini da ƙuda, hannunsa ya san fata tun bai san sallah ba. A shekarar 1953 wani kamfanin Turawa ya buɗe kanti a Dutsin-Ma yana sayen fatu da ƙiraga ana kai su Ingila, aka ɗauke shi mai duba fata. Yakan ɗaga fata ga haske, ya shinshina, ya lanƙwasa ya saurari ƙararta. Wadda ta kai lamba ɗaya sai ya buga mata guduma ta wajen wutsiya. A bakin gudumar akwai alama, kuma duk ƙasar shi kaɗai aka ba wannan alamar. Fatar da ta isa Ingila da ita, an san ta hannun Ya'u ta bi.

Matsalar a lokacin shanya ce. Mahauta sun saba kafe fata a ƙasa cikin rana. Bayanta ya bushe ƙayau, cikinta kuwa ya dahu, ido ba ya gani sai ta shiga ramin jima ta dagargaje. Kamfani shanyar inuwa yake so, a ɗaure fata da igiya a jikin itatuwa, iska ta busar da ita a hankali. Shekara biyu Ya'u yana tura keke zuwa Kurfi a kan wannan magana, yana zama gaban Sarkin Fawa Manu, aminin mahaifinsa.

"Kai Ya'u," in ji Manu, "ubanka a ƙasa ya yi shanya har Allah ya ɗauke shi. Yanzu fata za mu yi ma rumfa, kamar baƙuwa ta zo daga Makka?"

"Baba, ku dai gwada. In kun yi, na ɗaukar maku alkawari fatar Kurfi ba ta ƙara sauka daga lamba ɗaya."

"Kai ka ɗauka, ko Nasara?"

"Ni na ɗauka."

"To. Nasara ban san ubanshi ba. Kai na san naka."

Suka sare itace, suka kafa rumfuna, suka canja wuƙar fiɗa. Aiki ya ninku, mata suna mita an cika gida da wari kwana da kwanaki. Amma alkawari ya tsaya, shekara huɗu fatar Kurfi tana tafiya da alamar Ya'u.

Da daminar 1959 aka aiko sabon manaja daga Kano, wani Bature da ake kira Mai Lofe, mai jin Hausa kamar a nan aka yi masa kaciya. Yakan zo sau biyu a wata. Mai riƙe da kantin kullum shi ne wakilin kamfani, Alhaji Sabitu. Saƙo ya zo jirgin ruwa yana jira a Ikko, ana son diloli masu yawa na lamba ɗaya kafin wata ya mutu, ga shi da damina fata ba ta bushewa da wuri. Sai Alhaji Sabitu ya aika ƙauyuka aka kwaso masa shanyar ƙasa. Ya sa leburori suka jiƙa ta a rafi har ta yi laushi, suka miƙe ta a jikin itatuwa a bayan kanti. Da ta bushe, ko mahauci sai ya rantse shanyar inuwa ce.

Ya'u ya lanƙwasa ɗaya, ya ajiye.

"Alhaji, wannan ta mutu tun a ƙauye."

"Malam Ya'u, buga guduma."

"Ba ni bugawa."

"Ji ɗan mahauta da wa'azi! Wa zai sani? Ingila kusa ce?"

"Majemin can zai sani. Ramin jima bai san nisa ba."

Alhaji Sabitu bai yi faɗa ba. Hannu ya miƙa ya ɗauke gudumar daga kan benci, ya ce ai kayan kamfani ce. Ranar da ta biyo baya Mai Lofe ya iso. Ya'u ya tare shi a ƙofar mota, ya kai shi bayan kanti, ya nuna masa fatun a rataye, har da lakar rafi a jikin igiya. Baturen ya zare lofe daga baki, ya duba, ya mayar.

"Ya'u, jirgi ba ya jira," abin da ya ce ke nan.

A nan Gogo takan buga cinya. Baturen ya gani. Da idonsa ya gani, shi ne shugaba, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a kwance fatun nan. Bai ce a buga ba, bai ce a bari ba, ya shiga mota ya bar wa na ƙasa su yi ɓarnar, don ranar tambaya ya ce hannunsa bai taɓa ba. Aka buga alamar Ya'u, aka cusa matattun fatun a tsakiyar dilolin Kurfi, aka ɗora a mota.

Ya'u ya yi kuskure ɗaya, Gogo ma ba ta ɓoye shi. Yana zuwa Kurfi, amma bai faɗa wa mahauta ba. Kunya ta hana shi, ya ga tona asirin inda kake ci a gaban jama'a ba halin ɗan mutunci ba ne. Ya yi shiru yana fatan Allah ya rufa.

Wata biyar bayan haka takarda ta zo daga Ingila. Mai Lofe ya sa aka kira mahautan Kurfi, ranar kasuwa, a ƙofar kanti, inda masu wucewa za su ji. Ya karanta, ya fassara da kansa. Fatu sun narke a majema, kamfani ya ji kunya a idon abokan cinikinsa, kuma kowace ɗaya tana ɗauke da alama guda. Ya ɗaga gudumar sama.

"Ta wane ne wannan?"

Ya'u ya fito. "Ranka shi daɗe, ai na kai ka ka gani."

"Ban tuna ba."

"Alhaji, kai fa? Ka tuna?"

Alhaji Sabitu yana jan carbi, idonsa a ƙasa. Leburorin da suka yi jiƙon suna tsaye su biyar, kowa da iyali a gida, ba wanda ya motsa. Aka sallami Ya'u nan take. Aka kuma sanar cewa daga ranar kamfani ba ya ƙara karɓar fatar Kurfi a lamba ɗaya, ko ta inuwa ce ko ta rana.

Manu ya matso, tsoho da sanda. Bai ɗaga murya ba.

"Ka sani tun da damina?"

"Na sani, Baba. Amma ba ni na buga ba."

"Ban tambaye ka wa ya buga ba. Ka sani, ka zo gidana, ka ci tuwona, ba ka faɗa ba."

Ya juya. Bai sake yi masa magana ba har ya bar duniya.

Ya'u ya kasa zama Dutsin-Ma, ya kasa komawa Kurfi. Ya kwashi Gogo suka koma ƙauyen Makera, yana noma, da rani yana ɗinkin guga. Mai Lofe ya sami ƙarin girma aka kai shi Ikko. Da aka sami 'yancin kai kamfani ya buƙaci ɗan ƙasa a cikin manyansa, aka ɗauki Alhaji Sabitu, aka buga hotonsa a jarida ana yabon gaskiyarsa. Sau uku Ya'u yana zuwa wurin mai rubuta wasiƙa. Ba aiki yake nema ba. Abu ɗaya yake roƙo, wani daga kamfani ya je Kurfi ya tsaya gaban mahauta ya ce ba hannun Ya'u ba ne. Ba a taɓa amsawa ba. Ya rasu a 1968.

Ranar addu'ar uku sai ga mota a Makera. Alhaji Sabitu ne, da buhun shinkafa. Ya zauna a zaure ya aika a yi wa Gogo gaisuwa. Tana cikin takaba, amma ta taso ta tsaya bayan asabari, inda duk mazan zauren za su ji ta.

"Alhaji, Kurfi ba nisa a mota. Ka je ka faɗa masu wa ya buga gudumar, sannan ka dawo in amshi gaisuwarka."



"Haba Azumi," in ji shi, "mamaci addu'a yake so. Abin da ya wuce a bar shi."

"Za ka, ko ba ka zuwa?"

Ya shafa fatiha shi kaɗai, ya tashi. Da motar ta kai mararraba, hanyar Kano ta bi, ba ta Kurfi ba. Gogo ta sa aka ja buhun aka ajiye a bakin hanya, ta ce duk wanda ya shigo mata da ƙwaya ɗaya ba ta yafe ba. Kwana biyu yana nan, awaki suka huda shi.