Lungun Lalla Zhor

Lalla Zhor ta girma a ƙauyen da ruwan madatsa ya cinye. Da aka kwashe su aka mayar kan tudu, maza suka samu masallaci da wurin shan shayi, mata kuwa suka rasa rafin da suke wanka. Ita ce ta gano wani lungu a bayan gonar zaitun ɗin mijinta, inda duwatsu suka kewaye ruwa, ga wani falalen dutse mai riƙe zafin rana.

Da bazara matan kan zo da hantsi. Su tuɓe, su yi iyo, su miƙe a kan dutsen ya gasa musu ƙashi. Zhor ce mai doka. Kafin kowa ta cire tufa, sai an rataya jan mayafi a reshen ɓaure, masunta su hango su juya kwalekwale. Ba a ƙura wa jikin kowa ido. Abin da aka gani a nan, nan ake barinsa. Maza kuwa sun ɗauka wankin ulu ake yi.

Aminiyarta Itto ta fi kowa son wurin. Likitoci a Marrakesh sun cire mata nono guda, tun daga nan ko gidan wanka na gari ta daina shiga. A lungun kaɗai take sakewa.

"Ke Zhor, da wannan iyon naki gara agwagwar maƙwabciyarmu Mbarka," in ji ta.

"Na ji, 'yar'uwa. Ke da kike kwance kamar burodin da aka manta a tanda?"

Bayan rasuwar mijin Zhor, ɗanta Driss ya dawo daga Kasablanka da mata da 'ya'ya, ba aikin yi. Ya zauna gabanta ya sumbaci hannunta.

"Inna, ki ba ni ƙarshen gonar nan. Rumfar shayi zan kafa, da tajin ɗin kifi, dahuwar nan ta tukunyar ƙasa. Mutanen birni suna son kallon ruwa."

"Ɗana, nemi wani gefen mana."

"Me ya sa? Don wankin ulu? Sai in ja muku famfo har ƙofar gida."

In ta faɗa masa gaskiya, ta tona asirin matan mutane, har da Itto, alhali ita Zhor ce ta hana kowa magana. Ga jikoki suna kwana a ɗaki ɗaya da buhunan sha'ir. Ta ce, "Allah ya sa albarka."

Rumfar ta tsaya daidai saman lungun. Motoci suka fara zuwa, samari na jingina da shinge suna ɗaukar hoto da waya. Wata safiya Itto ta sauko da ƙunshinta, ta ɗaga kai ta ga kujeru a jere. Zhor ta iske ta a nan tsaye.

"Da kin gaya mini da bakinki, Zhor."

"Kunya ce ta hana ni."

"To, ai ga shi kin huta da doka."

Ta juya ta hau tudu a hankali. Ba su yi faɗa ba. Suna gaisawa a wurin biki da makoki, sai dai zolayar nan ta mutu. Da ciwon ya dawo wa Itto, Zhor ta kai mata miyar harira, suka yi hirar tsadar mai da ƙarancin ruwan sama, ba wadda ta ambaci madatsa. Kafin kakar zaitun Itto ta rasu.

Kasuwar Driss ta yi kyau, har ya ƙara bene. Zhor ta ƙare shekarunta a kicin ɗin rumfar tana murza ƙullu, baƙi na yabon burodinta. Wata rana jikarta, wadda ta zama budurwa, ta ce, "Kaka, wai da gaske kin iya ruwa? Koya mini mana."

Zhor ba ta ɗago daga kwanon ba.

"Wa ya gaya miki? Miƙo mini gishiri."