Gilashin da Ya Hana Baba Gaida Yayansa

Ranar wata Juma'a ce cikin watan Agusta, shekarar da nake aji huɗu na firamare, muka baro ƙauyen su Umma da ke gaba da Roni a guje cikin tsohuwar jif ɗin Baba. Ƙanena Nasiru yana kwance a cinyar Umma a kujerar baya, zazzaɓi ya yi masa tsanani har idanunsa sun fara juyewa, ita kuwa tana tofa masa addu'a tana shafa masa jiƙaƙƙen mayafi. Ni ina gaba kusa da Baba. Da muka iso ƙauyen su Baba, wanda hanyar Kazaure ta ratsa ta tsakiyarsa, an sauko daga masallaci ke nan, dattawa sun baje tabarmi a gindin ceɗiyar bakin hanya. A cikinsu har da Baffa Sale, yayan Baba, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu har ya ga ya zama malamin gona. Baffa ya gane motar tun daga nesa, ya miƙe yana gyara hula. Baba ya rage gudu, ya danna maɓallin gilashin ɓangarensa, ba abin da ya motsa. Ya sake dannawa, ya doki ƙofar da gwiwar hannu, gilashi ya ce bai san zancen ba. A daidai nan Umma ta ce numfashin yaron yana sarƙewa. Baba ya matsa hon, ya taka mai, muka wuce.

Gilasan motar baƙaƙe ne, na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin komai. Na waiga na hango Baffa a tsaye, hannunsa a sama, ruwan kwatamin da tayarmu ta watsa yana gangara a gaban rigarsa ta Juma'a. A wajenmu ko a kan keke kake, in ka zo wuce dattawa sai ka sauka ka tura, ka gaida su, sannan ka hau. Hon kuwa awaki da jakuna ake yi wa. Duk mutanen da ke gindin ceɗiyar sun ga abin da ya faru, kuma ba wanda ya san me ke cikin motar.

Allah ya ba Nasiru lafiya bayan kwanaki a asibiti. Baba ya aiki wani ƙanen Umma da goro da bayani. Baffa ya saurara, ya tambayi jikin yaro, har ya ba da zuma a kawo masa, amma goron ya ce a mayar. Saƙon da ya aiko kuwa na ji shi da kunnena, don ina tsakar gida ina tsintar shinkafa aka faɗe shi: "Ba na son ban-haƙuri a ɗaka. Inda ya wuce ni, nan zai tsaya, ya sauke gilashin nan ya gaishe ni a gaban mutanen da suka gani. Shi ke nan magana ta ƙare."

Wannan rigima ta fi ci mini rai fiye da kowa a gidan. Sunan mahaifiyar su Baba aka sa mini, saboda haka Baffa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Innata", ni kuma in yi ta fankama ina aikensa ya ɗauko mini goruba. Duk kaka, ranakun da babu makaranta, a gidansa nake. Da safe mu bi mata kalar gyaɗa, mu dawo ƙafafu furu-furu, da yamma mu yi carafke a ƙofar gida da 'ya'yansa har a kira mu cin tuwo. Shi ke gasa mini gyaɗa a toka, yana tsokanata wai uwa ba ta ci kafin ɗanta. A wannan shekarar ba wanda ya ce kada in je, ba kuma wanda ya ce in shirya.

Umma ta ba Baba shawara mai sauƙi: ya kai motar yadda take, Yaya ya danna da hannunsa ya ga ba ƙarya ba ne. Baba ya ƙi. Ya ce in ya yi haka ya nuna wa duniya cewa yayansa ya yi fushi a banza, kuma shi ba zai kunyata wanda ya goya shi ba don ya wanke kansa. Abin da Yaya ya ce a yi, shi za a yi. Umma ta ce to ai duk gidanku kanku ɗaya, ta koma kan girkinta.

Haka gyara ya fara. Baba ya duba fis ɗin wutar motar, lafiya lau. Ya ɓalle maɓallin ya wanke da fetur, bai canza komai ba. Sai ya kira Garba mai wayarin, wani siririn mutum mai yawan surutu da ke da rumfa kusa da tasha. Garba ya kwance sukurori, ya cire bangon ƙofar na ciki, ya jona wayoyi biyu kai tsaye daga batir zuwa ɗan injin da ke ɗaga gilashin. Injin ya yi ɗan gurnani ya yi shiru. Garba ya ce ya ƙone, igiyar ƙarfen da ke jan gilashin ma ta kusa tsinkewa. Ya ce a cire gilashin gaba ɗaya a huta, ko a sauke shi da hannu a tokare da katako kamar yadda direbobin kasuwa ke yi. Baba ya ce a'a, so yake ya isa gilashi a rufe, ya sauke shi a gaban Yaya kamar yadda ya kamata ya yi tun farko.

Motar ta tsufa, kayanta sun yi wuya. Aka yi sautu Kano, aka kawo na ɓangaren fasinja, ya ƙi zama. Wani ɗan kasuwa da ke shiga Nijar ta Babura ya yi alkawarin nemowa, ya tafi ya daɗe. Ga kaka ta shigo, Baba kullum yana ƙauyuka a kan babur ɗin ofis. Jif tana tsaye a gindin darbejiyar ƙofar gida, ƙofarta a tsiraice, mu yara muna leƙa ramin cikinta muna ɓoye alewa, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Kowace Juma'a in Baba ya dawo daga masallaci sai ya tsaya ya ɗan dube ta kafin ya shiga gida. Aka girbe gero, aka cire gyaɗa, ban je ba.

Ranar da ɗan kasuwar ya kawo injin a naɗe cikin tsumma, Baba har da 'yar waƙarsa a tsakar gida. Ya aika wa Garba ya zo gobe da safe. Kafin Garba ya iso, wani mai babur ya yi sallama, don lokacin wayar hannu ba ta kai ƙauyen ba. Baffa ya yanke jiki ya faɗi a gona yana ɗaurin dawa, kafin a kawo shi gida rai ya yi halinsa. Baba ya hau bayan babur ɗin ko hula bai ɗauka ba. Na yi kuka har muryata ta dashe, ina jin haushin motar, ina jin haushin Baba, har da Baffan kansa.

Bayan an tashi daga zaman makoki Baba ya dawo, bai kira Garba ba. Ya shimfiɗa tabarma a gefen jif, ya zauna shi kaɗai da sukundireba da gwangwanin giris. Ya ɗaura injin, ya shafa wa hanyar gilashin mai, ya mayar da bangon ƙofar, ya yini a kai. Da ya danna, gilashin ya sauka sumul kamar bai taɓa lalacewa ba. Umma da ke leƙe ta zaure ta rufe fuska da mayafi ta koma ciki.

Ranar Juma'a ya ce in shiga mota. Mun isa an sauko daga masallaci, dattawan suna gindin ceɗiya, sun bar gurbin Baffa a kan tabarma ba wanda ya zauna. Baba ya tsaya daidai wurin, ya kashe mota, ya sauke gilashin har ƙasa. Ya cire hula, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, barka da Juma'a," in ji shi. "Na zo."

Can wani tsoho, abokin Baffa tun suna kiwon awaki, ya share ido da bakin rawani ya ce, "Mun amsa masa, Haruna. Kullum in ya ji ƙarar mota sai ya gyara hula." Baba ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Ranar na fara ganin kukansa.

Yanzu ina da motata, Baba ma ya daɗe da bin yayansa. In na bi hanyar Roni sai in ga motoci suna wuce majalisar dattawa a rufe ruf, na ciki suna shan sanyi, in an yi kirki a ɗan haska fitila, kuma ba wanda ke jin an yi masa laifi. Wataƙila hakan ya fi sauƙi, don ba zumuncin da zai tsaya jiran kayan gyara. Amma nakan yi kewar lokacin da gaisuwa ke da nauyin da mutum biyu masu ƙaunar juna za su yi kaka guda suna jiran ranarta. Ni dai in na bi ta ƙauyen su Baba ban taɓa cewa in bar gaisuwa sai na dawo ba.