Inna Tala, Ungozomar Da Ta Ba Mu Iri

Kafin rana ta ɗaga, Inna Tala ta riga ta share tsakar gidanta, ta durƙusa gefen turmi ta yi addu'a, ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga gari. Gidan mai jego take fara zuwa. Ta taɓa ruwan wanka, in bai yi zafi ba masu hura wuta su sha faɗa, ta wanke jariri, ta gasa masa cibi, ta wuce gida na gaba. Haka muka san ta a ƙauyenmu na gefen Gangara, har bana da ta miƙa aikin ga Mero, ƴar ƙanwarta. Ni Balarabe maƙwabcinta ne, darni kawai ya raba mu. Ni Musulmi ne, ita Kirista ce, kuma ƴaƴana duka a hannunta suka faɗo duniya.

Ladan ungozoma a wurinmu hatsi ne, gwargwadon ƙarfin maigida. Ban taɓa jin ta ce na wani ya yi kaɗan ba. Mijinta Dogo kuwa tari ya kayar da shi tun da daɗewa, ba ya noma. Hatsin haihuwar nan da take tarawa a ɗan rumbunta shi ne abincinsu su biyu.

Shekarar da aka karɓi mulkin kai muka tafka wauta irin tamu ta manoma. Muna da abin da muke kira binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa, don in ruwan fari ya sauka ka riga kowa. Mai hankali yakan rage iri a gida. Mu kuwa da muka ga hadari yana ta haɗuwa a gabas, sai muka zuba duka, kowa yana tsoron kada maƙwabcinsa ya wuce shi. Yayyafi ya zo ya jiƙa saman ƙasa, gero ya tsiro, sama ta ɗauke. Muna kallo rana ta ƙone shi ƙurmus. Rumbunanmu sun riga sun ƙare, a kasuwar Gazawa ma masu hatsi sun ɓoye kayansu.

Kan wannan kuma sai ga jita-jita. Aka ce da zarar Nasara sun tafi, za a kori duk wanda ya bi addininsu. Ba wanda ya san mafarin zancen, amma ƴan gidajen Kiristocin garinmu sun daina barci mai daɗi. Wata safiya Ɗanmalam, dattijonsu, ya shigo gidan Inna Tala, ina jin su ta darni.

"Tala, ki liƙe rumbunki da laka," in ji shi. "Ba mu san mi za a yi da mu ba. Hatsin ga shi ne guzurinmu in ta kai ga gudu."

Ta ce, "Gudu zuwa ina, Ɗanmalam? Dogo ko bakin rijiya ba shi kaiwa. Nan Allah ya aje mu, nan za shi ciyad da mu."

Ba a daɗe ba ruwa na gaske ya sauka. Ƙasa ta jiƙu sharkaf, gari ya yi tsit kamar an yi mutuwa, don ba wanda ke da abin shukawa. Ina zaune da sungumina na shuka a hannu, ina kallon ƴaƴana. Sai na ji muryarta.

"Balarabe, kawo ƙwarya, ka zo ka hau mani rumbu."

Na shiga rumbun ina miƙo hatsi, ita tana rabawa. Labari ya bazu, mata da maza suka cika gidan, ba ta tambayi kowa inda yake sallah ba. Da hannuna ya fara taɓa laka sai na tsaya.

"Inna, ƙasa ta bayyana."

"Kwashe, ɗana."

"Ku fa, mi za ku ci?"

"Na yau shina cikin tukunya. Na gobe akwai Mai shi."

Na ƙi motsawa. Daga cikin ɗaki Dogo ya yi tari, ya ce da ƙyar, "Yi abin da ta ce maka. Mun yi shawara tun jiya." Na kwashe har da tsintsiya.

Daga ranar tsoro bai sake ni ba. Gero yana tashi a gonata, Dogo yana ramewa a bayan darnina, kuma na san abincinsa ne na binne a ƙasa. Inna Tala ta ci gaba da karɓar haihuwa, amma ba gidan da ke da hatsin ba ta. Ta koma dafa ganyen tafasa da yaɗiya da dusa. Wata rana wata Bafillatana da ta taɓa karɓar wa haihuwa ta kawo nono. Wata rana matata ta miƙa kunu, wanda in gaskiya za a faɗa ruwa ne ya ji ƙanshin gero. Wata rana kuwa har la'asar ba hayaƙi a gidan, sannan wani abu ya faɗo daga inda ba a zata ba. Kullum da safe ina jin ta tana roƙon na ranar, tana kuma godiya a kan na jiya, har ni da ke saurare nakan ji haushi, in ce godiyar me ake yi a kan ganye?

Ƙafafun Dogo suka kumbura. Na koma sauraron tarinsa kowace safiya kafin in tafi gona. In na ji shi, in samu ƙarfin ɗaukar hauya. In ya yi jinkiri, in tsaya jikin darni ina kasa kunne. Ban taɓa zaton zan yi murna da jin tarin mutum ba.

Ranar da aka ɗaga tutar mulkin kai, aka ce ana ta kiɗa a garin Agiye, ƴan lakol, wato ƴan makarantar boko, suna waƙa. Mu nan wani jandarma mai kayan sarki ya ɓullo bisa doki, Kiristoci suka shige ɗakuna suka rufe. Inna Tala ce ta fito da ƙwarya, don ta ga leɓensa ya bushe. Ashe ruwan kawai yake nema, ya sha ya wuce. Ba wanda aka kora, a ranar ko bayanta.

Inna, ke ce kika ba gari iri kina kallon mijinki kwance. Ke ce kika wanke jariran mutane cikinki ba komai, ba ki fasa gida ko ɗaya ba. Uwar jego, mai rumbu buɗe, ban san wani suna da zan ƙara maki ba.

Da gero ya fara ƙosawa, ban jira ya gama ba. Safiyar da ban ji tarin Dogo ba sam, na ruga gona na karyo zangarniya, na gasa tumu, na tsaya ƙofarsu ina sallama. Shiru. Na sake sallama. Can ta ce, "Shigo, shina nan, ƙarhin tarin ne babu."

Idanunsa sun faɗa, ba ya iya tauna. Ta murje tumun, ta daka, ta dama da ruwa, ta ɗaga kansa ta ba shi a ludayi. Muna kallon maƙogwaronsa har ya haɗiye. Ya ƙara. Ya dube ni ya ce, "Balarabe, ka ƙona shi."

Ni na yi dariya, ita ta fashe da kuka, karo na farko da na ga hawayenta. Na ce, "Inna, ashe kin ji tsoro?"

"Kullum," in ji ta. "Da shi nika durƙusawa, in miƙa shi, in tashi in tahi aiki."

Inna Tala, mun gode, mu da ƴaƴanmu da gonakinmu. Ku kuma masu karatu, Musulmi da Kirista, in tsoron gobe ya sa kun fara kwaɓa lakar liƙe rumbu, ku leƙa gidan maƙwabci tukuna. Mai son ganin matar nan ya zo garinmu ran Lahadi da hantsi. Idanunta sun dushe yanzu, ba ta gane hanya, amma za ku gan ta tafe zuwa majami'a a hankali, Dogo, da ya samu ƙarfin takawa daga baya, yana gaba riƙe da hannunta, yana ta tarinsa.